Tom ta dawo, da 'ya'ya huɗu

Nima, Accra
Daren Laraba, Yunin 2025

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Na san ka cika ka batse. Saƙon muryarka uku suna nan a waya, na ukun ko buɗe shi ban yi ba don na san abin da ke ciki, batun filin Kasoa ne da faɗa. Zan zo kan filin a wata wasiƙar. Bari dai in fara da abin da ya hana ni barci kwana 11, tunda yau Allah ya yaye mini: Tom ta dawo.

Ai ka tuna ta. Ita ce 'yar mitsitsiyar kyanwar da ka tarar a shago zuwanka na ƙarshe, wadda ta jiƙa maka sabon takalminka na Bronx, ka rantse sai ka kai ƙara wajen sarkin Zango. Yara suka sa mata Tom tun ba mu san mace ce ba, da muka gane kuma suna ya riga ya bi ta. Shekara huɗu ke nan tana gadin shagon nan, ɓera bai taɓa sa haƙori a yadin kowa ba.

Daren da aka yi ruwan nan mai ƙarfi, ana saura kamar sati guda Babbar Salla, muna aikin dare ni da yaran shago, shadda jibge har kusa da rufi. Wajen ƙarfe goma aka yi wata tsawa, wuta ta ɗauke, sai na ji wuf ta bi ta ƙafata ta fice. Cikinta ya tsufa a lokacin, ko hawa teburin yanka da ƙyar take yi. Na suri tocila na bi ta. Ka san yadda babbar kwatar da ta raba mu da Mamobi take zama idan sama ta buɗe baki. Ruwa jawur, yana tafe da robobi da katifa da duk abin da mutane suka jefa masa tun rani, yana gudu ya je ya faɗa kogin Odaw. Na tsaya a bakinta ruwa har gwiwa ina haska tocila ina "mus, mus", har Kawu ya fito ya finciko ni ta wuyan riga, ya ce ko na manta 2015 ne.

Ban manta ba, kuma kai ma na san ba ka manta ba. Bana shekara 10 cif da daren 3 ga Yuni, da ruwa da wuta suka haɗu a gidan man nan na Circle, mutum sama da 150 suka tafi, yawancinsu sun raɓe ne kawai suna jiran ruwa ya tsagaita. Tun daga ranar duk wanda ke garin nan idan hadari ya haɗu gabansa sai ya faɗi.

Amma ka san abin da ya faɗo mini a rai ina tsaye a bakin kwatar? Kai ne. Ka tuna ranar da muka saci jiki daga makarantar dare muka shiga gidan bidiyon bayan kasuwa aka sa mana Alien, na 1979? Mutum bakwai a jirgin sama jannati, dodo ya bi su ɗaya bayan ɗaya, matar nan Ripley ga hanyar tsira a gabanta amma ta koma neman jan muzurun nan Jones. Ka miƙe tsaye kan benci kana ihu, "Ke bar kyanwar nan ki gudu, mahaukaciya!" har mai gidan bidiyon ya ce a fitar da kai. A ƙarshe kuwa ita da muzurun kaɗai suka tsira. Shekara talatin da wani abu ina ganin kai ke da gaskiya. Daren nan na gane abin da ya mai da ita. Abin da ya saba kwana a gefen ƙafarka, idan ka tuna yana waje cikin ruwa shi kaɗai, ƙafar ma ba ta yarda ta kai ka gida.

Washegari muka bazama. Na bi lungu-lungu har Kanda, yara suka bi ta Mamobi da Newtown da hotonta a waya. Kowa da abin da zai ce. Mai shayin bakin titi ya ce ya ga wata irinta a kan rufin makaranta, muka je muka tarar da wani ƙaton muzuru mai kunne ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne samarin da ke zaman ataya a kwanar gidanku, da suka ga na wuce sai ɗaya ya ce, "Maigida, ka leƙa tukwane, ƙila ta zama Joseph." Ka san sunan da ake kiran naman kyanwa da shi a ƙasar nan. Su wasa suke yi, ni kuwa abin da nake tsoro ke nan tun farko, don kyanwa mai ƙiba da ba ta gudun mutane ba ta da wuyar kamu. Ban tanka musu ba. Ɗan yayarka na cikinsu, ka ja masa kunne.

Kwana uku da ɓatanta ɓeraye suka samu labari. Wallahi kamar an yi musu shela. Na zo da safe na tarar sun huda shaddar wani Alhaji, yadi 10, daidai gaban riga inda za a yi aiki. Da kuɗina na je kasuwar Makola na nemo irinta, kalar ma ba ta zo daidai ba, sai da na kai masa har gida na ba shi haƙuri. Allah ya sa mutumin kirki ne. A nan ne fa na ƙara jin haushin abin da aka yi mana muna yara. Ka tuna yadda muke cika tagar gidan Hajiya mai talabijin, mu ashirin, muna tafa wa Jerry? Tun 1940 mutanen nan biyu, Hanna da Barbera, suke sa ana jibgar Tom. A fim na farko ma sunansa Jasper, kuma a ƙarshensa waje aka jefa shi saboda kayan da ɓera ya sa aka fasa. An buga masa guduma, an maƙe shi da ƙofa, an sa masa nakiya a baki, har lambar Oscar bakwai aka ci a kan wahalarsa. To me ya yi? Aikinsa yake yi. Ɓarawo ya shigo gida yana cin abincin mutane, mai gadi ya bi shi, mu kuma muna goyon bayan ɓarawo. Wanda ya zana Jerry da kunnuwa masu kyau bai taɓa kwana a ɗakin da ɓeran Nima ke ciki ba. Na ce wa yara daga yau a gidan nan Tom ake goya wa baya, autarmu ta ce ita dama can tausayinsa take ji.

Af, kafin in manta, Salla ta yi kyau. Mma tana lafiya, na kai mata cinyar ragonmu da kaina, ta ce in gaya maka maganin ƙafar ya kusa ƙarewa. Ɗan Goggo ya sake fasa auren, karo na biyu, yanzu wai sai ya gama ginin Ashaiman. Sannan ina taya ka jaje, dalarku ta sha ƙasa. Watanni kaɗan baya tana sama da sidi 15, yanzu ta gangaro kusan 10, masu canji a Tudu duk fuska a murtuke. Abin da ka saba turowa ana yi maka kirari, yanzu sai ka ƙara a kai, Alhajin Amurka. Kayan kasuwa dai ba su ji labarin ba tukuna, zare da maɓalli suna nan inda suke.

A dare na bakwai babban yarona ya zo da wani fim a kwamfutarsa, wai don ƙannensa su ɗan saki rai. Ni da na san abin da ke ciki da ban bari an kunna ba. Sunansa Flow, daga Latbiya, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan biyu ba, kuma shi ya ci Oscar na zanen motsi a watan Maris ɗin nan, ya kayar da manyan kamfanonin Amurka. Yaron ya ce da manhajar Blender aka yi shi, wadda kowa zai iya saukewa kyauta, shi ya sa yanzu ya hana kansa barci yana koyo. Babu mutum ko ɗaya a fim ɗin, babu magana ko kalma ɗaya. Wata baƙar kyanwa ce ruwa ya ci duniyarta. Tana hawa tudu ruwa na biyo ta, ta hau kan wani ƙaton gunki mai siffar kyanwa har saman kunnensa, ruwa ya iso nan ma. Sai ga wani jirgin ruwa ya zo wucewa ta faɗa ciki, ta tarar da wata dabba kamar ƙatuwar gafiya a kwance, daga baya kare ya shigo, da wani ɗan biri mai zobe-zobe a wutsiya, da wani dogon farin tsuntsu.

Abin da ya kama ni, ba su sa ta tafiya da ƙafa biyu ko ta sa hula ba. Kyanwa ce sak. Yadda take kwantar da kunne idan ta tsorata, yadda take karkaɗe ƙafa ɗaya bayan ɗaya idan ta taka ruwa, duk na Tom ne. Wurin da ta faɗa ruwa tana kokawa, kanta na nutsewa yana fitowa, autarmu ta fashe da kuka ta ce, "Baaba, haka Tom ta yi?" Na rasa abin da zan ce mata. Uwarsu ta tashi ta shige ɗaki. Ni na zauna na kalle shi har ƙarshe, kuma a gaskiya tun Alien ban ga kyanwar fim da ta shiga raina haka ba. Ka nema ka kalla da yaranka, amma ka bari sai ranar da ba a ruwa.

Da Juma'a na yi wa Malam maganar bayan an sallame, ina jin nauyi kada ya ce mutum da girmansa yana damuwa da dabba. Sai ya zaunar da ni. Ya tuna mini matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema ba, ya ce kuma sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi ai da 'yar kyanwa ake masa alkunya, Abu Huraira. Ya ce in yi sadaka in bar wa Allah. Na sayi koko da ƙosai na raba wa almajirai.

Yau da asuba ladan ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce in zo in ji wani abu. Ka san ɗan ɗakin da ake tara tsofaffin tabarmi da butocin da suka fashe? Kwana biyu yana jin ƙananan kuka a ciki, ya ɗauka ɓeraye ne. Muka ɗaga tabarmi, sai ga ta kwance cikin akwatin tsohuwar lasifika, ta rame har ƙashin baya ya fito, 'ya'ya huɗu na tsotso. Taku nawa ne daga shago zuwa masallacin? Bai kai hamsin ba. Na je har Kanda, ita kuwa kullum sau biyar ina wuce ta. Ta tagar da gilashinta ya fashe take fita da dare ta nemi abin da za ta ci. Da ta gan ni ba ta tashi ba, ta dai lumshe ido ta fara wannan gurnanin nasu na jin daɗi, ƙirjinta na rawa kamar an kunna ƙaramin janareta. Na durƙusa a wurin na kasa magana, ladan na ta cewa Allahu akbar.

Gurnanin nan ya tuna mini The Godfather, wanda ka haddace farkonsa kana yi mana da muryar mai mura. Ka san kyanwar da ke cinyar Marlon Brando a fitowar farko, lokacin da mai binne gawa ya zo neman a rama wa 'yarsa? Babu ita a rubutun fim ɗin. Kyanwar titi ce, Coppola ya gan ta tana yawo a wurin ɗaukar fim ya ɗauka ya miƙa wa Brando, ita kuma ta miƙe ta yi ta gurnani har ya kusa danne maganarsa. Tun 1972 ake kallon ta. Mutum na maganar kisa, ita tana wasa da yatsunsa, ko a jikinta. Ta fi mini farar nan ta mugun James Bond, wadda a 1963 ba a nuna fuskar maigidanta sai hannunsa yana shafa ta. Waccan ado ce kawai, kuma baiwar Allah a na 1967 da aka fara fashe-fashe kana ganin yadda take fizge-fizge tana neman ta kuɓuce daga hannunsa. Duba wurin da kyau in ka sake kallo, tausayi za ta ba ka.

Yanzu suna nan a kwali ƙarƙashin teburin guga, na shimfiɗa musu ƙyallayen shadda, har da guntun ta Alhajin da ɓera ya ci. Idanunsu sun fara buɗewa. Akwai ja guda ɗaya, na ce wannan Jones ne kuma naka ne, ko ka so ko ka ƙi, hakkin ihun da ka yi a kan benci. Mai zane-zanen toka yara sun sa masa Don. Baƙar autarmu ta riƙe, ba ta yarda kowa ya taɓa. Ta huɗun ce ke damuna, 'yar fara, ba ta kai rabin 'yan'uwanta ba, kuma suna ture ta daga nono. Tun rana nake ɗaga manyan ina sa ta da hannuna, ta ɗan ja sai ta saki. Uwar na saya mata kifi na sidi 20 ta cinye tas har kai. Idan akwai wanda ka sani a can da ya san yadda ake rainon irin wannan, tambaye shi ka turo mini da murya gobe, zan buɗe wannan karon. An ce madarar gwangwani tana ɓata musu ciki, shi ya sa ban ba ta ba.

Ka gai da uwargida da yara, ka ce wa babban ya daina turo mini bidiyon kyanwa mai rawa, ga na gaske nan zan ɗauka in turo masa. Bari in je in duba 'yar farar, na ji kukanta.

Naka har kullum,
Telan bakin masallaci