Kafin mu kwatanta sakamakon BEPC na bana da na bara

Ya Edita,

Ina roƙon fili a jaridarku domin in tsokaci a kan abin da ke faruwa duk shekara idan sakamakon BEPC (jarrabawar kammala ƙaramar sakandare) da na Bak (ta kammala babbar sakandare) ya fito. Da zarar an sanar da yawan waɗanda suka ci, sai a shiga kwatanta shi da na bara: in ya hau a ce ilimi ya farfaɗo, in ya sauka a ɗora wa malamai da iyaye laifi. A matsayina na malamin lissafi a Maradi, ina ganin wannan hukunci bai tsaya da ƙafarsa ba, domin tambayoyin bana ba su ne na bara ba, kuma ba a nuna mana cewa wuyarsu ɗaya ce ba. Duk mai sayen hatsi ya san ba a gardamar yawan awo sai an yarda tiyar ba ta canza ba.

Masana auna ilimi sun daɗe da samo mafita. A 1960 wani masanin lissafi ɗan ƙasar Danmak, Georg Rasch, ya nuna yadda za a ɗora iyawar ɗalibi da wuyar tambaya a kan ma'auni guda, ta yadda idan iyawar yaro ta yi daidai da wuyar tambayar, damarsa ta amsa daidai rabi da rabi ce, idan kuma ta fi, damar ta ƙaru. A Amurka kuwa Frederic Lord da Allan Birnbaum suka samar da tsari mai faɗi, wanda ke auna yadda tambaya ke bambance mai ƙoƙari da mai rauni, da kuma yiwuwar a dace da amsa ta hanyar canki. Daga amsoshin ɗalibai masu yawa ake fitar da ƙimar kowace tambaya. Sannan a saka wasu tambayoyi iri ɗaya cikin gwajin shekaru biyu, su zama igiyar da ta haɗa su. Idan ƴan bana sun yi wa waɗannan tambayoyi abin da ƴan bara suka yi, amma jimillar makinsu ta faɗi, to takardar ce ta ƙara tsauri, yaran ba su ja baya ba.

Nijar ba baƙuwa ba ce ga wannan aiki. Ta shiga PASEC, gwajin auna ilimin ƴan firamare na CONFEMEN, ƙungiyar ministocin ilimi na ƙasashe masu amfani da Faransanci, a 2014 da 2019, inda aka tsayar da matsakaicin maki a 500 tun zagayen farko, aka kuma maimaita wasu tambayoyi domin a iya kwatanta zagayen biyu. Abin da ke damuna shi ne, jarrabawar da ke yanke makomar ƴaƴanmu ita ce ba mu ga ana yi mata irin wannan kulawa ba.

Na san akwai cikas. A wurinmu tambayoyi suna fita hannun jama'a bayan jarrabawa, ɗalibai su yi ta bitarsu, kuma tambayar da aka haddace ba ta sauran amfani wajen haɗa shekara da shekara. Don haka sai a ware ƴan tambayoyin haɗi a ɓoye su, a riƙa ba wani rukunin makarantu na birni da ƙauye kafin jarrabawa, ba tare da an lissafa su cikin maki ba. Wannan hanya tana kuma fallasa tambayar da ke zaluntar wani ɓangare, kamar lissafin da aka gina a kan abin da ɗan Yamai ya saba gani amma yaron Dakoro ko Mayahi bai taɓa gani ba, alhali iyawarsu ɗaya.

Ina kira ga hukumomin ilimi da su kafa rumbun tambayoyin da aka auna wuyarsu, su haɗa kai da malaman lissafi na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo wajen horar da masu shirya jarrabawa, sannan duk ranar da za a faɗi sakamako a faɗa mana ko takardar bana ta fi ta bara wuya.

Naku,
Wani malamin lissafi, Maradi