Buɗaɗɗiyar wasiƙar ƙorafi ga kamfanin da ke rabon tallafin farfaɗo da injinan sarrafa amfanin gona da ɗakunan ajiya bayan ambaliya

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu masu injinan casa da niƙa da matsar mai ne, tare da masu ɗakunan ajiyar hatsi, waɗanda ambaliya da iska suka yi wa ɓarna. An damƙa wa kamfaninku rabon tallafin da aka ware domin irinmu. Mun karanta sharuɗɗanku ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙorafinmu shi ne an tsara su ba tare da la'akari da cewa jiƙaƙƙen hatsi da injin da ya sha ruwa ba sa jiran takarda ba.

Sharaɗin da ya fi cutar da mu shi ne wanda ya ce kada a taɓa kaya ko a fara gyara sai jami'inku ya zo ya tantance, wanda kuma ya taɓa ya fita daga tsarin. Masara da shinkafa shanshera ana ajiye su ne idan danshinsu ya sauka zuwa kashi 13 ko 14 cikin ɗari, ɓararriyar gyaɗa kuwa kashi 7 zuwa 8. Idan ruwa ya mayar da danshin sama da kashi 20, buhu kan fara ɗaukar zafi cikin kwana ɗaya, kafin kwana biyu ko uku funfuna ta kama, wani hatsin ma ya fara tsiro a cikin buhun. Cikin irin wannan funfuna akwai wadda ke haifar da gubar aflatoksin, musamman a masara da gyaɗa. Gubar tana lalata hanta, dahuwa ba ta kawar da ita, kuma busar da hatsin daga baya ba ya fitar da wadda ta riga ta samu. Jami'in da ya iso bayan makonni zai tarar da asara ta ninka, kuma sharaɗinku ne ya ninka ta. Wannan ihu ne bayan hari.

Abin da mai ajiya ya kamata ya yi a ranar da ruwa ya janye sananne ne. Zai raba kaya gida uku. Buhunan ƙasa da ruwan ambaliya ya shanye ba abincin mutum ba ne kuma, domin ruwan ya kwaso najasa da man fetur da maganin feshi, sai a binne su. Waɗanda ke samansu, da danshi ya hau ta jikin buhu ko ruwan sama ya zubo musu ta rufin da ya yaye, sai a zazzage su a baza a kan tamfol, kaurin santimita 2 zuwa 4, ana juyawa duk rabin sa'a. Busassun kuma a kwashe su daga ɗakin gaba ɗaya, saboda iskar ciki ta cika da laima. Tan ɗaya na shanshera yana cin fili kusan murabba'in mita 45 idan an baza shi da kaurin santimita 4, ke nan mai tan 50 yana neman fili fiye da murabba'in mita 2,000, ko hayar injin busarwa. Tamfol, leburori, motar jigila, mai na injin busarwa: duk kuɗinsu na makon farko ne, kuma duka kun sa su cikin abubuwan da tallafin bai shafa ba.

A nan ma akwai kuskure a lissafin diyya. Jami'anku suna ƙidaya buhu ko su ɗora a sikeli ba tare da na'urar auna danshi ba. Tan ɗaya mai danshi kashi 24 idan ya bushe zuwa kashi 14 kilo 884 yake komawa. Sannan shansherar da ta bushe ta sake jiƙa ƙwayarta kan tsage tun tana cikin ɓawo, idan ta shiga injin casa sai ta fito rabi gutsattsari. Buhun yana nan a idon mai ƙidaya, amma darajarsa ta faɗi, kuma fom ɗinku ba shi da gurbin rubuta wannan.

Injin ma haka yake. Injin dizal da ya nutse ba a tayar da shi, domin ruwan da ke cikin silinda ba ya matsuwa, zai lanƙwashe sandar fistin nan take. Ana zubar da baƙin man da ya gauraya da ruwa, a cire nozul, a juya injin da hannu ruwa ya fita, a wanke tanki, a canja filtoci, a zuba sabon mai. Idan aka yi haka da wuri, yawanci injin yana tashi. Idan aka bar shi, tsatsa ta kama jikin silinda da zoben fistin ya cije. Moton lantarki kuma ana buɗe shi a wanke laka da ruwa mai tsabta, a busar da koyil da zafi a hankali, a auna ƙarfin rufin wayar kafin a ba shi wuta, a sa sabon boris da giris. Wanda ya kwana da laka a cikinsa na tsawon makonni sai an sake naɗa koyil, ko a jefar. To ga shi kun hana gyara da wuri, sannan kuka ce sabon inji kawai kuke biya, ba gyara ba. Kuɗin sabon inji ɗaya zai tayar da injina da dama da ruwa ya taɓa, in da an bar makaniki ya yi aikinsa a kan lokaci.

Sai maganar biya. Kun ce mu fara kashe kuɗinmu mu kawo rasit, sannan a mayar mana. Jarin mai sarrafa amfanin gona a cikin buhu yake zaune, kuma buhunan ne ruwa ya ci. Banki ba ya ba da rance a kan ginin da ya tsage. Da yawa daga cikin masu ajiya ma kayan da ke hannunsu amanar manoma da 'yan kasuwa ce, masu shi suna tsaye a ƙofa suna neman haƙƙinsu. Tsarin da ke biyan wanda ya riga ya kashe, mai ƙarfi kawai yake taimaka wa.

Kun nemi rasit na asali na sayen inji da littafin shiga da fitar kaya, alhali a ɗakin da ruwa ya shiga suke. Kun kuma nemi takardar mallakar fili, wadda ta fitar da duk mai haya, ko da injin da kayan nasa ne. Akwai hujjojin da ruwa bai ci ba: lambar da ke jikin farantin inji, bayanan asusun banki, takardun biyan wutar lantarki, shaidar dillalin da ya sayar da injin, da takardun da ke hannun masu ba da ajiya.

Sharaɗin mayar da gini yadda yake a da shi ma a sake duba shi. Ruwa ya bar alamarsa a bango, kuma hankali ya ce a ɗaga daɓe da gindin inji da akwatin wuta sama da wannan alama, a gyara magudana, a ɗaure rufi da kyau, a sayi katakan da ake ɗora buhu a kai, a riƙa barin tazara tsakanin tari da bango. Haka kuma wa'adin da kuka sa na komawa aiki bai lura da cewa daɓen siminti yana ɗaukar makonni kafin ya bushe ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: a manna leda mai faɗin rabin mita a daɓen ta kwana, idan aka ga raɓa a ƙarƙashinta da safe, ɗora buhu a wurin sabuwar asara ce.

Saboda haka muna neman ku soke hanin taɓa kaya, ku karɓi hotuna da bidiyo masu kwanan wata tare da shaidar mutum biyu a matsayin tantancewar farko. Ku saki kaso na farko na kuɗin cikin kwanakin farko domin busarwa da jigila da ceton injina, sauran ya biyo bayan ziyarar jami'i. Gyara da kayan gyara su shiga cikin abin da ake biya. Kowane jami'i ya zo da na'urar auna danshi da makaniki, kuma ku ɗauki nauyin gwajin aflatoksin kafin hatsin da aka ceto ya shiga kasuwa, domin mai ajiyar da aka bari da bashi zai iya sayar da abin da bai kamata a ci ba. Waɗanda aka riga aka cire saboda sun busar da kayansu ko sun kira makaniki, a mayar da sunayensu.

Muna roƙon amsa a rubuce, a kuma wallafa ta inda kuka wallafa sharuɗɗan, tare da sunan ofishin da mutum zai ɗaukaka ƙara idan an ƙi buƙatarsa.

Mu ne naku,
Masu injinan sarrafa amfanin gona da ɗakunan ajiya da abin ya shafa.