Rahoton kwamitin gini kan gyaran makarantar firamare da aka yi da tallafin ƙungiyoyin ƙetare

Zuwa ga shugaba da dukkan membobin ƙungiyarmu ta raya al'umma, bayan gaisuwa.

Kwamitin da babban taro ya ɗora wa alhakin gyaran makarantar ya miƙa makullai ga shugaban makaranta, yara kuma sun koma azuzuwansu. An sake rufin azuzuwa 4, an ƙarfafa harsashin bangon baya, an gina makewayi na mata daban na maza daban, an haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, an kuma yi gangara a ƙofar shiga domin masu keken guragu. Mun wuce wa'adin da aka ɗiba da kusan wata 3, katangar da ke cikin tsarin farko kuma ba a yi ta ba. Masu tallafi sun karɓi nasu rahoton a kan fom ɗinsu mai gidaje-gidaje. Wannan naku ne, don haka za mu faɗi abubuwan da fom ba shi da gurbin rubuta su.

Kowa ya san yadda ginin yake kafin a taɓa shi. Iska ta yaye rabin kwanon, gara ta cinye katakon rufi har ana soka masa yatsa ya shige, silin ya rufto a aji biyu. Abin da muka gani ke nan, shi muka rubuta a takardar neman tallafi.

Wurare biyu suka amsa mana. Na farko wata gidauniya ce mai zaman kanta, ita ta ɗauki nauyin rufi da fenti da katanga. Na biyu babbar ƙungiyar agaji ce ta ƙasa da ƙasa, wadda ita ma karɓowa take yi daga wata gwamnati ta rarraba wa ƙanana irinmu, ita ta ɗauki ruwa da makewayi. Wato a ɓangaren ruwa mu ne na uku a layi, kuma duk sharaɗin da aka ɗora mata daga sama sai ya gangaro kanmu, wani lokaci ma da ƙari. Ba mu kaɗai ke cikin wannan hali ba. A taron agaji na duniya da aka yi a Istanbul a 2016, manyan masu ba da tallafi sun yi alkawarin cewa kafin ƙarshen 2020 kashi 25 cikin 100 na kuɗin agajin jinƙai zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin gida kai tsaye gwargwadon iko. Shekarar ta zo ta wuce ba a kai ko kusa da haka ba. Kafin a sakar mana ko sisi sai da aka binciki rajistarmu, da rahoton binciken kuɗi na shekarun baya, da tsarin sa hannun mutum biyu a banki, da rubutacciyar dokar kare yara a wurin aiki, wadda ma ba mu da ita sai da muka zauna muka rubuta. Mun yi gunaguni a lokacin, amma gaskiya ɗaya ce, littattafanmu sun fi tsabta yanzu.

Babbar matsalar ta fito ne a mako na biyu. Da aka fara sassaƙe tsohuwar filasta a bangon baya, tsagar da muke ɗauka ta sama ce sai ga ta ta bi bulo ta gangara har ƙasa. Babban magininmu, dattijo ne da ba ya yawan magana, ya ɗauki diga ya tona gindin bangon kamar kamu huɗu, ya zura hannu ya ciro guntun bulo, ya murje shi a tafin hannunsa ya zama gari, sannan ya miƙa wa shugaban kwamiti ba tare da ya ce uffan ba. Shekara da shekaru ruwan rufi yana zuba a gindin bangon babu indararo babu magudana, ya wanke ƙasar da harsashin ke zaune a kai. Injiniyan da ke duba mana aiki ya zo washegari ya ce ɗora sabon katako da kwano a kan wannan bango ganganci ne da ran yara.

A nan kwamiti ya rabu biyu, kuma ba za mu ɓoye muku ba. Babu layin harsashi a kasafin da aka amince da shi. Wasu daga cikinmu suka ga cewa in muka rubuta wa gidauniyar, za ta ce tun farko ba mu san aikinmu ba, ta tsayar da kuɗin, ƙila ma ta shafa mana baƙin fenti a wurin sauran masu tallafi. Shawararsu ita ce a cike tsagar da siminti, a yi filasta, a ɗora rufi, a ɗauki hotuna, daga baya ƙungiya ta nemi kuɗin harsashi a wani wuri. Waɗannan mutane ba su da mugun nufi, tsoro ne irin na wanda ya daɗe yana nema bai samu ba. Ma'ajiyarmu ce ta kashe maganar. Ta ce wa shugaban kwamiti, ranka ya daɗe, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni dai ba zan sa hannu a fitar da kuɗin rufi a kan bangon da na ga an murje shi da hannu ba. Tunda sai da hannunta kuɗi ke fita, magana ta ƙare. A daren muka rubuta wasiƙa, muka haɗa da hotunan ramin da bayanin injiniya, muka kuma amsa laifinmu ƙarara: mun nemi tallafi ba tare da mun sa an tona an duba harsashi ba.

Amsa ta ɗauki mako 6. Jami'ar da ke kula da aikinmu ta amsa cikin kwana biyu cewa ta fahimta, amma ba ta da ikon sauya layin kasafi sai kwamitinsu ya zauna. Da ya zauna, bai ƙara mana kuɗi ba, ya dai yarda a kwashe kuɗin katanga gaba ɗaya da wani ɓangare na fenti a mayar kan harsashi. Abin da muke tsoro bai faru ba. Hasali ma daga wannan lokacin wasiƙunsu suka sauya launi, suka rage tambayar hujja a kan kowane ƙaramin abu.

Aikin harsashin kansa a hankali aka bi shi. Ba a tone gindin bangon gaba ɗaya, don in an yi haka zai zauna. Ana tona kamar mita ɗaya, a tsallake na kusa da shi, a sa rodi, a zuba kankare mai haɗin awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, a jira ya kama, sannan a dawo kan waɗanda aka tsallake. Kankare yana son a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kai kwana 28 ake lissafin ya kai ƙarfin da aka tsara masa. Wannan lissafi ya ci karo da na gidauniyar, domin shekarar kuɗinsu ta kusa rufewa, kuɗin da ba a kashe ba kuma komawa yake yi. Ɗan kwangila ya so a ɗora katako da wuri don a nuna an kashe kuɗin rufi. Injiniya ya ce a'a. Mafitar da aka samu ita ce a sayi katako da kwano da ƙusa a biya a ajiye a sito, a shafe katakon da maganin gara yana jira, mu kuma mu nemi ƙarin wa'adi ba tare da ƙarin kuɗi ba. An ba mu. An yi wa bangon magudanar kankare a gindinsa, aka sa indararo a duk tsawon rufin.

Jinkiri na biyu namu ne, babu wanda za mu ɗora wa. Kashi-kashi ake sakin kuɗin, ba a ba da na biyu sai an karɓi lissafin na farko. Da sakatare ya buɗe jakar rasit don haɗa rahoto, sai ya tarar da yawancin ƙananan rasit ɗin da na'ura ke bugawa sun koɗe saboda zafi, sun zama farar takarda. Sai da muka bi masu kaya ɗaya bayan ɗaya suka sake rubuta mana. Masu kawo yashi da masu ɗebo ruwa kuwa ba su san wani abu rasit ba, ga kuma dokar cewa kowane babban saye sai an kawo takardun farashi daga wurare uku. Aka daidaita a kan littafi guda da mai kaya zai sa hannu ko ya dangwala, shaidu biyu su sa nasu. Kafin duk wannan ya kammala aiki ya tsaya mako 3, leburori sun watse neman na kansu, kafinta ya karɓi wani aiki. A cikin wannan jira kuma darajar kuɗinmu ta sauka, kayan gini suka tashi, alhali an ƙayyade canjin tun ranar sa hannu. Abin da ya cinye ragowar kuɗin fenti ke nan, shi ya sa za ku ga bangon waje shafi ɗaya aka yi masa. Yanzu duk rasit ɗin da ya shigo, a ranar ake ɗaukar hotonsa.

Ɓangaren ruwa bai ba mu wahala sosai ba. Ƙungiyar agajin ta zo da ma'aunanta, kuma masu kyau ne: ramin makewayi ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, ƙasansa kuma ya ɗara ruwan ƙarƙashin ƙasa da mita ɗaya da rabi. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 don makarantu ta ce makewayi ɗaya ga 'yan mata 25. Ba mu kai wannan ba, kuɗin bai isa ba, mun kuma rubuta haka a rahotonsu. Inda muka yi ja-in-ja shi ne zanen da suka turo, wanda ya haɗa na mata da na maza a gini ɗaya, ƙofofi suna kallon filin wasa. Malamai mata suka ce manyan 'yan mata ba za su shiga ba ana kallonsu, gara su riƙe har su koma gida. Da farko aka ce mana zane ne da aka riga aka amince da shi a ƙasashe da dama. Muka tuna musu cewa tun Sanarwar Paris ta 2005, wadda ƙasashe suka amince da ita kan ingancin tallafin ƙetare, ake maimaita cewa masu wuri su ne ke jan ragamar aikin raya su, muka kuma nemi jami'insu ya zo ya tsaya a filin lokacin tara. Ya zo, ya tsaya, bai yi minti goma ba ya ce a raba ginin a juya ƙofofin. Gangarar keke kuwa sau biyu aka yi ta. Ta farko ta yi tsaye da yawa, aka gwada da keke aka ga sai an tura mutum. Ƙa'ida ita ce duk tashin mita 1 a ba shi tsawon mita 12. Ɗan kwangila ya fasa ya sake daga aljihunsa.

Akwai abin da ba ya cikin lissafin kowa. Gidauniyar ba ta ware komai ba don tafiyar da ofis, watau kuɗin mota zuwa wurin aiki, da kiran waya, da buga takardu, da ladan mai binciken kuɗi. Daga gudummawarku ta wata-wata aka yi su. Iyayen yara sun kwashe ɓaraguzai, matasa sun yi gadin sito dare da rana ba a biya su ba. Mun dage a rubuta wannan a rahoton ƙarshe a matsayin kason al'umma, an kuma rubuta. Abin dariya, allon da aka kafa a bakin makaranta ya ci wasiƙu fiye da gangarar, kan wane tambari zai zo sama da girman kowanne.

Abin da ya fi damun kwamiti yanzu shi ne kula da abin da aka gina. Yarjejeniyoyin biyu duk sun ƙare ne ranar miƙa makulli, babu ko layi ɗaya na gyaran famfo ko sauya injin rijiya in ya ƙone. Kada kuma wani ya zauna yana jiran zagaye na biyu. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙetare na kwana 90, a farkon watan Yulin shekarar kuma aka rufe USAID, hukumarta mai raba tallafin ƙetare. Birtaniya ta rage nata daga kashi 0.7 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa zuwa 0.5 a 2021, ta kuma sanar a Fabrairun 2025 cewa za ta sauko zuwa 0.3 a 2027. Kuɗin aikinmu bai fito daga waɗannan wurare ba, amma ƙungiyoyin da suka rasa nasu yanzu ƙofofin da muke ƙwanƙwasawa suke ƙwanƙwasawa. Kayan aro ba ya rufe katara. Don haka muna ba babban taro shawarar buɗe asusun kula na daban, da sa hannun ma'ajiya da wakilin iyayen yara. Masu haƙa rijiyar sun koya wa matasa biyu goge farantan sola, da sauya robar famfo, da kashe injin in tanki ya cika. An rubuta samfurin injin da zurfin da aka sa shi a kati, ɗaya yana ofishin shugaban makaranta, ɗaya yana wurin sakatare. Kowace shekara kafin iskar farkon damina, kafinta ya hau ya duba ƙusoshi, a kuma share indararo da magudana, tunda rashinsu ne ya kusa kayar da bangon.

Mun riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin ɗan kwangila, ba za a biya shi ba sai damina ta wuce injiniya ya sake duba rufi da bangon baya. An manna ƙananan gilasai biyu a kan inda tsagar take, in bangon ya motsa za su fashe, muna roƙon malamai su hana yara taɓa su. Katanga da shafin fenti na biyu suna nan a matsayin aikin da ya rage. Kwafin yarjejeniyoyi, da rasit, da littafin masu yashi, da hotunan kowane mataki suna wurin sakatare ga duk memban da yake son dubawa. Kwamiti yana neman a sallame shi bayan wannan dubawa ta ƙarshe.

Sakataren kwamitin gini, a madadin sauran membobi.