Zuwa ga Baba, a kan gonar gawo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taka? Ni dai alhamdu lillahi, muna nan garin El Ejido na ƙasar Sifen muna ta fama da aikin tattasai.

Yaya ya turo mini saƙon murya cewa ana shawarar a sare itatuwan gonar gabas, a sayar wa masu itace, a shuka aya a filin gaba ɗaya tun da tana kuɗi a kasuwar Maraɗi. Hukunci naka ne, Baba, ni ɗa ne. Amma ina roƙo ka saurare ni kafin a sa gatari.

Wannan gona ba yau ta fara sauya aiki ba. Kai ka ba mu labarin lokacin da gyaɗa ce sarauniya, ana kai wa SONARA, kamfanin sayen gyaɗa na Nijar, har aka tuge kututture kaf don garma ta wuce. Sai farin 1973 da 1974, sai cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, aka koma hatsi da wake don a tsira da rai. A yunwar 1984 gonar ta zama fili fetal, iska na binne shuka sai an sake. Abin da ya dawo da ita sassabin zamani ne, wanda Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostareliya, da manoman yankinmu suka fara yaɗawa a wajajen 1983: a bar tohon da ya fito daga tsohuwar saiwa, a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran. Da hannunka ka raini gawo da kalgo da sabara da aduwar da ke wurin, lokacin da wasu ke dariya suna cewa gonarka ba ta da tsabta.

Bari in faɗa maka abin da nake gani a nan Sifen. Yankin nan na Almeriya da makiyayar awaki ce. Tun daga 1963 suka fara rufe ƙasa da rumfunan leda, yanzu sun kai wajen hekta 30,000, iyakar ganinka fari fat har bakin teku. Tumatir da kokwamba da kankana na tafiya Jamus da Faransa cikin manyan motoci, kuma sun yi arziki, wannan ba ƙarya ba ne. To amma taki saye, yashin da ake shimfiɗawa saye, ruwan rijiyoyi ya ja baya har gishiri ya shiga wasu, sai an tace na teku. Kai, har ƙudan da ke barbarar furen tumatir a kwali ake sayo su! Ranar da kuɗi ya yanke, rumfar ba ta ba ka ko ganyen miya.

Gawo kuwa ba ya neman ko dala. Da damina yana zubar da ganye ya bar wa hatsi rana, da rani ya yi inuwa, 'ya'yansa su riƙe tumaki har ruwa ya sauka. Kowa ya san zangarniyar gindinsa ta fi ta ko'ina kauri. Ba banza ba ake ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimu ya hana sare shi, kuma har yau ma'aikatan gandun daji ba sa barin wanda ya sare ba izini. Ita kuwa aya, ka san yadda ake cire ta: a ƙone, a tone, a tankaɗe ƙasar, sai iskar hunturu ta kwashe mai kyaun.

Kai ka karantar da mu hadisin da ke cikin Buhari da Muslim, cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci, sadaka ce gare shi. Matan unguwa da ke tsintar ƙirare a can, da makiyayan da ke sauka bayan girbi, duk ladarka ce take gudana. Ƙasar amana ce a hannunmu, jikokinka ma suna da haƙƙi a ciki.

Ga abin da nake gani, in ka yarda. Na san Yaya ba son zuciya ne ya sa shi ba, nauyin gida ne, ga auren Auta ya matso. Wannan na ɗauka, zan riƙa ƙarawa a kan abin da nake aikowa duk wata. A yi ayar a gonar tudu wadda ba ta da itace. Ta gabas a bar ta da hatsi da wake, a ba Gwaggo gefen kudu ta noma wa marayunta, a dasa zogale kusa da rijiya. In reshe ya bushe a datsa a yi girki, ba laifi.

Don Allah a karanta wa Kawu wannan takarda shi ma, ya sa baki. Ka gaida Inna, ka ce na samu yajin da kilishin da ta aiko. Ina gaida Liman da mutanen masallaci, a sa ni a addu'a kan maganar takarduna.

Wassalam.
Ɗanka, daga Almeriya.