Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministar Al'adu, Hajiya Hannatu Musa Musawa

Assalamu alaikum. Ranki ya daɗe.

Sana'ata ɗaukar hoto, a Kano nake. Mun yi murna a watan Disamban 2024 da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Sai dai ina roƙon a buɗe kundin hotunan da muke yi wa hawan ado da su a duba. Sarki ne ƙarƙashin laima, hakimai cikin alkyabba, 'yan lifida da 'yan sulke. Kyau kam akwai. Amma ina yaron barga da ya kwana yana wanke doki, yana ba shi dusa da harawa? Ina badukun da ya ɗinka kayan dokin, da maƙerin linzami da likkafa, da masu sayar da jalala a Kasuwar Kurmi? Zagi ma, da ke riƙe da doki tun daga Ƙofar Kudu har a sauka, sai dai a ga gefen kafaɗarsa a hoton ubangidansa. Mai shara da ke kwashe kashin dawaki bayan Hawan Daushe kuwa ba a ma zancensa.

Muhimmancinsu ya fito fili lokacin da 'yan sanda suka hana hawa a Babbar Sallar 2024, suka sake hanawa a 2025 saboda rikicin masarauta. Jaridu sun cika da labarin sarakuna. Wanda ya ci bashi ya sayi fata da zare yana jiran ciniki, babu hoton da ya nuna halin da ya shiga.

Akwai kuma waɗanda hanyar hawan ce makwancinsu: almajirai, 'yan gudun hijira, tsofaffin da ke shimfiɗa kwali a ƙarƙashin gada ko a barandar shaguna. Su ana ɗaukar su, amma ta mummunar hanya. Baƙo ya tsaya daga nesa ya ɗauki yaro da robar bara, ya tafi ya ci kyauta da hoton a Turai, yaron bai sani ba, sunansa ma ba a tambaya ba. Wannan sata ce, ko da kuwa ɗan gida ne ya yi ta, kuma mu ma a cikinmu akwai masu yi.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin ma'aikatarki ba. Gidan Makama yana ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda ke hannunki. A ware ɗaki guda a can don hotunan ma'aikatan hawa da marasa matsuguni. A ɗauki matasan masu ɗaukar hoto na Kano, Katsina, Zariya da Bida aiki, a biya su, su shiga barga da maƙera tun ana saura wata guda Sallah. Sharaɗi shi ne kada a ɗauki kowa sai da yardarsa, yaro kuma sai da yardar malaminsa ko iyayensa. A rubuta sunan mutum da sana'arsa da abin da ya faɗa da bakinsa, da Hausa da ajami, a wanke masa kwafi ya riƙe. Wanda ya ce a rufe fuskarsa, a rufe.

In hoton ya yi kasuwa, a ba mai fuskar kasonsa. A rubuta wannan cikin yarjejeniya kafin a fara.

Allah ya taimaki Minista. Wassalam.

Daga wani mai ɗaukar hoto,
Birnin Kano