Wasiƙa Zuwa Ga Ishaya A Kan Hatimin Da Ya Tambaya

Tudun Wada, Jos

Ɗana Ishaya,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Muna nan lafiya, sai sanyin Jos da ya fara shiga ƙashi. Mamarka ta ce in tambaye ka ko ka samu ikilisiyar da kake zuwa a Karu, ko har yanzu a kan gado kake sujada da waya a hannu.

Bidiyon da ka turo mini ta WhatsApp na kalle shi sau biyu, wanda mutumin nan yake rantsuwa cewa duk wanda ya dangwala yatsa ya karɓi lambar NIN ya riga ya karɓi alamar dabba, wadda littafin Wahayin Yahaya ya ambata. Ka ce in haka ne, to ina hatimin Allah da aka ce yana goshin masu bi, tunda kai ba ka ga komai a madubi ba. Na ji tsoro a muryarka, ko da yake ka rufe shi da dariya. Maganar ta fi ƙarfin katin waya, shi ya sa na ɗauki biro.

Ka tuna lokacin da kake bi na kasuwar Farin Gada in an yi hutu? Mota za ta shigo daga Bokkos da buhunan dankali fiye da yadda za ka iya ƙirgawa, duk kamarsu ɗaya, amma kowane buhu da shaidar mai shi da fenti. Ba a gardama. Yaron mota ya duba shaida, ya sauke a gaban mai kaya. Mutanen Afisa, wadda kufanta ke ƙasar Turkiyya a yau, 'yan kasuwar bakin teku ne, sun san wannan sarai. Shi ya sa da Bulus ya rubuta musu a Afisawa 1:13-14 bai tsaya dogon bayani ba. Ya ce sun ji maganar gaskiya, suka ba da gaskiya, sai aka buga musu hatimi da Ruhu Mai Tsarki. Ka lura da kyau, Ruhun da kansa shi ne hatimin. Ba tawada ba ce, ba tsaga ba ce irin ta fuskar kakanka, don haka bar wahalar da madubi.

Abin da ya fi burge ni shi ne kalmar da ya biyo da ita. A Helenanci arrabon ce, mu kuwa a kasuwa kafin alƙalami muke ce mata. In na ba manomi kafin alƙalami a kan dankalinsa, kayan sun zama nawa tun suna ƙasa, kuma na ɗaure kaina sai na dawo na cika. Bulus ya sake faɗar haka a 2 Korintiyawa 1:22. Allah ne ya ba da kafin alƙalami a kanka, ba kai ka ba shi ba. Ka taɓa ganin mai hankali ya ba da kafin alƙalami ya tafi ya manta da kayansa?

A zamanin dā da zobe sarki yake hatimi. Littafin Esta 8:8 ya ce abin da aka rubuta da sunan sarki aka hatimce da zobensa ba ya sokuwa. Da irin wannan zobe aka hatimce bakin ramin zakunan da aka jefa Daniyel. Har kabarin Yesu an sa wa dutsensa hatimi, ga masu gadi, Matiyu 27:66. Wannan kam bai yi kwana uku cikakku ba. Kullum na zo wurin sai na yi murmushi.

Amma kada wani ya sayar maka da hatimin nan a matsayin laya. Ba a haife ka ba tukuna a watan Satumba na 2001, lokacin da garin nan ya kama da wuta. Mun binne mutanen da suka fi ni tsoron Allah nesa ba kusa ba, maƙwabtanmu Musulmi su ma sun binne nasu na kirki. In hatimi yana hana adda cin jiki, me za mu ce game da waɗancan 'yan'uwa? A Wahayin Yahaya sura 7 an tsai da mala'iku huɗu kada su yi wa duniya ɓarna har sai an gama hatimce bayin Allah a goshi, mutum 144,000, wato 12,000 daga kowace kabila. Malamai sun daɗe suna ja a kan adadin, wasu su ce Isra'ilawa ne a ƙirge, wasu su ce misali ne na dukan jama'ar Allah. Ni na fi karkata ga na biyun, amma ba zan ɓata da kowa a kai ba. Ka dai ci gaba zuwa aya ta 9, inda ga taro ba ya ƙirguwa, daga kowace al'umma da kowane harshe, kuma aya ta 14 ta ce daga cikin babban tsanani suka fito. Ta cikinsa suka bi. Abin da aka tabbatar shi ne ko ɗaya bai ɓace wa mai shi ba.

Alamar dabba kuwa, ka karanta sura 13 da 14 da kanka. Tafe take da sujada, mutum ya rusuna wa abin da ba Allah ba da saninsa. Ni ma na bi layi na yi NIN, rana ta gasa ni, amma ba wanda ya ce in musanci Almasihu. Ka goge bidiyon nan ka yi barcinka.

Abin da ya hana ni barci a kanka daban ne. Ka gaya wa mamarka cewa a sabon ofis ɗinku hatimi yana hannunka, takarda ba ta wucewa sai ka buga. Na yi murna, na kuma yi shiru. Na san Abuja. Za a zo maka da ambulan, a kira shi kuɗin ruwa, a ce kowa ma haka yake yi. To, 2 Timoti 2:19 ya ce hatimin Allah rubutu biyu ne a jikinsa. Na fari, Ubangiji ya san nasa. Na biyu, duk mai kiran sunan Ubangiji ya rabu da mugunta. Mu masu bi muna son rera na farin, mu yi tari in an zo na biyun. A Ezekiyel sura 9 ma, waɗanda aka sa wa shaida a goshi su ne masu nishi da baƙin ciki saboda ƙazantar da ake yi a Urushalima, hukuncin kuma daga Haikali ya fara, a kan dattawa.

Bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya maka ba. Shekarar da aka haifi ƙanwarka kuɗi ya yanke mini. Na cika gindin buhu shida da ƙananan dankali da masu tabo, na jera manya a baki, na rubuta shaidata, na sayar wa wata mata da ta yarda da ni. Ba wanda ya kama ni. Amma kwana uku tuwo ba ya wuce mini maƙogwaro, in na durƙusa addu'a bakina ya yi nauyi. A lokacin na gane Afisawa 4:30, inda aka ce kada mu ɓata wa Ruhu Mai Tsarki rai, shi da aka hatimce mu da shi har ranar fansa. Bai bar ni ba, da ya bar ni da na ci kuɗin lafiya lau. Na nemi matar na mayar mata da abin da na ci. Ta dube ni, ta karɓa, ba ta ce uffan ba. Sai da aka shekara biyu ta sake sayen kaya a hannuna.

Duk takardar da zuciyarka ta ƙi, ka ajiye hatimin a aljihun tebur ka kira ni, ko tsakar dare ne. In sun sauya maka wurin aiki saboda haka, ɗakinka yana nan.

Mamarka ta ba direban da ka sani rabin buhun dankali da mudu uku na acca, zai iso Nyanya ranar Asabar da yamma. Ka je da wuri. Sunanka na jikin buhun da jan fenti.

Ni ne babanka.