Wasiƙa zuwa ga ɗana da ke karatu a Katsina

Assalamu alaikum ɗana,

Da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Mu nan Daura lafiya lau, sai godiyar Allah.

Yayarka ta gaya mini abokan ɗakinka sun laƙaba maka bagidaje, wai kowa ya faɗa maka magana sai ka yarda, wanda ya nemi aro kuma ka miƙa ba ka tambayi ranar biya ba. Ta ce har kana cewa za ka koyi wayon birni. Wannan maganar taka ita ta dame ni.

Kada ka ji kunyar farar zuciyarka. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hadisi cewa mumini mai sauƙin yarda ne, mai karamci, fajiri kuwa mayaudari ne, maƙasƙanci. Mumini yana da hankalinsa sarai, sai dai bai saba ƙulla sharri ba, shi ya sa ba ya saurin zargin wani da shi. Amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kuma ce ba a saran mumini sau biyu a rami ɗaya. Ka riƙe su duka biyun.

In wani ya bugo ya ce daga banki yake, za a rufe asusunka sai ka karanto masa BVN ko lambar da aka turo maka ta saƙo, kashe wayarka. Banki ba ya tambayar lambar sirri. Wurin mai POS, ka kare na'urar da tafin hannu sannan ka danna lambar sirrinka, ka ƙirga kuɗinka a gabansa, wannan ba rashin kunya ba ne. Wanda ya ci bashinka bai biya ba, yafe masa in za ka iya, in ya dawo ka ce babu, fuska a sake.

Masu yi maka dariyar ma su bi a hankali. MMM, wata harkar zuba kuɗi ta yaudara, ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. Cikin waɗanda suka yi kuka har da masu ganin idonsu a buɗe yake, kwaɗayi ne ya ja su.

Innarka tana gaishe ka. Ta ba direba ƙuli-ƙuli da garin kunu, ka je tasha ranar Asabar ka karɓa. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka